Sabon Hedimasta, da Gurguwa a Ƙofar Ofis

Filin Ku Tambayi Tsohuwar Malama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya Malama. Ni malamin firamare ne a wata ƙaramar hukuma ta Jihar Jigawa. Shekarata 14 ina riƙe da alli, a farkon zangon nan aka ba ni hedimasta. Babu wata bita da aka yi mini, takarda kawai aka miƙo mini da makullin ofis. A sati na biyu wata mata ta goyo 'yarta mai shekara 8 wadda ƙafafunta suka shanye tun tana jaririya, ta ce in sa ta a makaranta. Na karɓe ta. Kwana uku da haka wani magidanci ya ji labari, shi ma ya kawo ɗansa kurma. Yanzu malamaina sun yi mini ca, wai nan ba makarantar nakasassu ba ce, kuma aji ɗaya ma yara sun haura 90. Hajiya, kuskure na yi? Kuma a ina ake koyon wannan aiki?

Daga wani sabon hedimasta, Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo. Ba ka yi kuskure ba. Kuskuren ni na yi shi, bari in ba ka labarin.

A 1998 aka ba ni shugabancin wata firamare a bayan gari. Ban cika wata guda ba wata tsohuwa ta shigo ofishina riƙe da hannun jikanta makaho, yaro mai surutu, yana ta shafa teburina yana tambayar mene ne wannan, mene ne wancan. Na karɓe ta da fara'a, na ba ta kujera, sannan na ce, "Iya, ai irin waɗannan yara Tudun Maliki ake kai su a Kano, can ne akwai malamansu da kayan aikinsu." Ta ce, "To 'yar nan, wa zai biya kuɗin mota?" Na yi shiru. Ta yi godiya ta tafi. A raina kuma gani nake na ba ta shawara ta ƙwararru. Bayan shekara biyu na gan shi a tasha da ƙoƙon bara, kuma yarinyar da ke jan sandarsa ƙanwarsa ce, ɗalibata ta aji uku, wadda na daɗe ina sa wa alamar fashi a rajista ban tambayi dalili ba. Yara biyu na kora ran nan da murmushi. Na yi ritaya shekaru da dama ke nan, amma har yau in na ga yarinya tana jagorar makaho sai gabana ya faɗi.

Saboda haka ka tsaya a kan bakanka. Doka ma tana bayanka. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce suna da haƙƙin ilimi ba tare da an ware su ba, kyauta har sakandare, kuma a tafiyar da makarantun gwamnati yadda za su ɗauki kowa, kowace makaranta da aƙalla malami ɗaya da ya san aikin. Ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Sai dai kada ka shiga ɗakin malamai kana kaɗa musu doka. Ka san ta, ka ajiye ta a aljihu don ranar da wani daga ofis zai ce wa ya ba ka izini.

Mu fara da yarinyar, don tata ta fi sauƙi. Ba ta buƙatar wata koyarwa ta daban, kanta lafiya lau, wataƙila ma ita za ta riƙa zuwa na ɗaya. Hanya take buƙata. Gobe da safe ka tsaya a bakin ƙofar makaranta ka bi sawun da za ta bi, kana kallon ƙasa: yashi, kwata, dakalin baranda, dokin ƙofa. In ajinsu yana can ƙurya, ka musanya shi da ajin da ya fi kusa da ƙofa. Wannan ikonka ne, ba ya cin ko sisi, kuma ba sai ka rubuta wa kowa ba. In za a yi gangare a dakalin, ka tsaya a kan birkila, don in ka bar shi zai zuba maka abin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Ƙa'idar ita ce in tsayin dakali taƙi ɗaya ne, tsawon gangaren ya kai taƙi 12. Kada a goge simintin ya yi santsi.

Abin da zai kore ta, in ba ka yi hattara ba, shi ne masai. Mutane ba sa son maganar, ni kuwa a kanta na fi tsayawa. Yarinyar da ke rarrafe da hannu take taka ƙasa. Ka shiga makewayin makarantarka ƙarfe 11 na safe ka dubi daɓen, sannan ka tambayi kanka ko za ka dafa shi da tafinka. Abin da irin waɗannan yara ke yi shi ne su daina shan ruwa tun asuba, su yi ta matsewa har a tashi, in abin ya ishe su su zauna a gida, ku kuma ku ce iyaye ba sa son boko. Ka ware ƙofa ɗaya. Kafinta ya yi kujerar katako mai rami a tsakiya, mai walda ya kafa bututun ƙarfe a bango don dafawa, a faɗaɗa ƙofar, a ajiye buta da sabulu, makulli ya zauna a hannun malamar ajinta. Game da keke kuwa, ka nemi sarkin guragu na garinku ko shugaban ƙungiyarsu. Su suka san masu ƙera keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, su suka san farashinsa na gaskiya, kuma sau da yawa sun san wanda zai saya sadaka. Mu 'yan boko mukan manta da cewa nakasassun garuruwanmu suna da sarautunsu da tsarinsu tun kafin a gina ajin farko.

Yaron kurma shi ne aikin, ba zan ɓoye maka ba. Zaunar da kurma a cikin yara 90, malami yana magana ya juya wa aji ƙeya yana rubutu a allo, wannan ba karatu ba ne, ajiya ce. Da farko ka sa mahaifinsa ya kai shi asibiti a duba kunnen. Wasu yaran suna da sauran ji, wasu ciwon kunne mai fitar da ruwa ne aka bari ya daɗe. Sannan ya zauna a layin gaba, gefen da haske ke faɗa wa fuskar malami, malami kuma ya riƙa fuskantarsa in zai yi magana, ya riƙa nunawa, ya riƙa rubutawa. Amma duk wannan rabin magani ne in babu harshe. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu cikakke, maganar hannu, wanda suka gada daga junansu. Wanda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya kuma tushensa na Amurka ne, ya shigo ta hannun Andrew Foster, wani baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Kai dai ka nemi kurma babba a garinku, musamman wanda ya yi makaranta. Za ka same shi, tela ne ko kafinta ko mai wankin mota. Ka roƙe shi ya riƙa zuwa sau biyu a sati, ko da rabin awa, ya koya wa ajin gaba ɗaya, kwamitin makaranta ya riƙa ba shi na sabulu. Za ka sha mamaki: cikin wata biyu yaran aji za su fi malaminsu iyawa, har su riƙa gulmarsa da hannu yana tsaye.

In shekara ta zagayo ka ga yaron bai samu harshe ba, ka zauna da mahaifinsa ku yi maganar makarantar kurame, ka taimaka masa da takardu da neman gurbi. Ni ba na cikin masu ganin makarantu na musamman abin kunya ne. Ta makafi da ke Gindiri a Filato, wadda aka buɗe tun 1953, ta yaye mutanen da suka zama malamai da ma'aikata. Laifina a 1998 shi ne na ambaci sunan makaranta mai nisa don in rufe ƙofata, ban taka ko ƙafa ɗaya na raka su ba.

Yanzu malamanka. Kada ka ɗauke su mugaye. Mutumin da ke fama da yara 90, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, aka ƙara masa abin da bai taɓa koya ba, tsoro ne ke magana a bakinsa. Wa'azi a taron malamai ba ya cire tsoro. Ka bi su ɗaya-ɗaya. A cikinsu akwai wanda yake da ƙane kurma ko 'yar'uwa gurguwa a gida, ban taɓa zama a makarantar da babu irin wannan malami ba, sai dai ba sa faɗa. Shi za ka ba ajin. Ka sauke masa wani nauyin, ko duti ne ko riƙon rajistar wani aji, don ya san ba hukunci ka yi masa ba. Kai ma ka ɗauki darasi ɗaya a ajin kowane sati. Hedimastan da ya shiga aji ya yi ta fama da hannu yana ƙoƙarin nuna wa kurma "biyu a tara da uku", yara suna dariya, ya fi takardar umarni goma tasiri.

Wajen iyaye da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, kuwa, ka tafi da liman. Shi ya san yadda zai kawo musu farkon Suratu Abasa, da yadda aka saukar da ita a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, wanda daga baya ya zama ladani, har Manzon Allah (SAW) yakan bar masa riƙon Madina in zai yi tafiya. Daga bakin liman maganar ta fi zama. Kai naka shi ne ka zo da lissafi: buhun siminti kaza, kafinta kaza.

Wani abu kuma da malamanka ba su lura ba: suna cewa makarantarku ba ta nakasassu ba ce, alhali suna cikinta tun tuni. Rahoton UNICEF na 2021 ya ƙiyasta yara kusan miliyan 240 a duniya masu wata nakasa, wato kamar ɗaya cikin goma. Ka ɗauki rajista ka zaga. Yaron da ke ƙanƙance ido yana kwafa daga littafin maƙwabcinsa, ana dukansa wai satar amsa yake, allon ne ba ya gani. Zabiyar da aka tura layin baya tana rufe fuska da hijabi, gaba ya kamata ta zauna, nesa da hasken taga, a riƙa yi mata rubutu manya, kuma kada a tsayar da ita a rana lokacin taron safe. Mai sikila da ke ɓacewa duk lokacin sanyi, a bar shi ya sha ruwa a aji, ya fita fitsari ba sai ya roƙa ba, a daina sa shi tsallen kwaɗo. Duk ka rubuta su: suna, shekaru, aji, abin da ke damunsa, abin da yake buƙata. Ka shigar da su a takardar ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, ka kuma kai kwafi ofishin sakataren ilimi don ya wuce SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware wa hukumarsa ta tarayya, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a cikin rabon kuma akwai kason ilimin masu buƙata ta musamman. Ban ce maka kuɗin zai iso gobe ba. Amma yaron da babu sunansa a takarda, ko an zo rabo ba a san da shi ba.

Ina ake koyo? In takarda kake so, akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman da ke Oyo tun 1977, akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, akwai NIEPA a Ondo mai horar da masu tsara ilimi da shugabannin makarantu. In hali ya yi, ka je. Kafin nan, ka ware ranar Laraba guda ka hau babur ka je makarantar kurame ko ta makafi mafi kusa da kai, ka wuni a bayan aji, ka karɓi lambar malami ɗaya. Rabin abin da na sani daga wata malama na koya da na riƙa damu da tambaya, har ta fara ce mini "Hajiya kin dawo?" tun kafin in yi sallama.

TAMBAYA: Hajiya, wata ɗalibata tana da farfaɗiya. Iyaye sun ce in ba a cire ta ba za su kwashe 'ya'yansu, wai ana ɗauka ta yawu.

Daga wata shugabar makaranta, Katsina

AMSA: Ƙanwata, ba a ɗaukar farfaɗiya, ba ta yawu ba, ba ta taɓawa ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma yawancin masu shi in suna shan magani a kan lokaci faɗuwar takan tsaya ko ta ragu ƙwarai. Ki gayyato ma'aikacin lafiya na asibitin garinku ya faɗa wa iyaye da bakinsa a taronsu. Malamai kuma su san abin yi: a janye benci daga kusa da ita, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kanta, kada a danne ta, kada a cusa mata cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura mata ruwa, in jijjigar ta lafa a kwantar da ita a gefenta. In ta wuce minti 5, asibiti. Ki kore 'yan kallo, ki rufa mata zane, don in ta farka abin da ya fi ciwon zafi shi ne idanun mutane.

TAMBAYA: Ranki ya daɗe, ni jami'i ne a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. An ce mu shirya wa hedimastoci 60 bitar kwana uku a kan makarantar da ta haɗa kowa. Me ya kamata mu sa a ciki?

Daga wani jami'in ilimi, Kaduna

AMSA: Yallaɓai, na halarci irin wannan bita har na daina ƙirgawa, kuma na san yadda take tafiya. Ranar farko a ba da jaka da biro, wani ya haska bango ya karanta mana sanarwar Salamanka, wadda gwamnatoci 92 suka amince da ita a Sifen a 1994, cewa makarantun gama-gari su karɓi kowane yaro. Rana ta biyu a raba mu rukuni-rukuni mu cika manyan takardu a manna a bango. Rana ta uku hankalin kowa yana kan layin alawus. Ranar Litinin hedimasta ya koma makarantarsa, masai yana nan yadda ya bar shi. Sanarwar ba ta da laifi, minti 20 ya ishe ta.

In kana da ta cewa, ka raba kwana ukun nan, kwana ɗaya a kowane zango, kuma a yi a cikin makaranta, ba a zauren otal ba. Kowane hedimasta ya zo da rajistarsa da mataimakinsa. A rana ta farko ku ari keken guragu ku ce kowa ya tuƙa kansa daga ƙofa zuwa aji zuwa makewayi. Daga nan kowa ya koma da aiki biyu: ya rubuto yaran da ke makarantarsa masu wata matsala ta gani, ji, tafiya ko fahimta, ya kuma zaga da mai unguwa ya rubuto waɗanda ke gida ba a kawo ba. Zango na biyu kowa ya tashi ya faɗi abin da ya samu da abu ɗaya da ya gyara. Kunyar tashi hannu rabbana a gaban abokan aiki tana sa mutum aiki fiye da takardar gargaɗi. Cikin masu koyarwa kuma a sa makaho ko kurma ko gurgu da ya yi karatu, a biya shi daidai da sauran, ba a kira shi ya yi godiya a ɗauki hoto ba.

Tsakanin zango da zango, jami'anku su je makarantun. Ku a Kaduna kun ga wannan tsari a zamanin shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, ciki har da Kano da Jigawa da Kaduna: a horar da hedimasta, sannan jami'in tallafa wa makarantu ya bi shi har ajinsa. A ganina ziyarar nan ita ce jigon abin. Ita ce kuma ke fara mutuwa da zarar kuɗin man babur ya yanke, don haka ka sa kuɗin man a kasafin tun yanzu, ko da za a rage naman rana.

Sai maganar ɗorewa, wadda ofishinku ne ke riƙe da ita. Bayan abin da ya faru da makahon nan, na shekara shida ina gyara makarantata: gangare biyu, makewayi mai faɗi, yara bakwai masu buƙata ta musamman a rajista. Rana ɗaya takardar canjin wurin aiki ta zo, aka ba ni sati guda. Takardar miƙa aikin da na rubuta ta lissafa benci, kabad, ƙwallo biyu da ƙararrawa, ba ta ambaci yaran nan ko ɗaya ba, don fom ɗin ba shi da gurbinsu, ni ma ban yi tunanin ƙarawa ba. Da na kai ziyara bayan shekara, makewayin mai faɗi ya zama sito, an cika shi da karyayyun kujeru, an sa kwaɗo. Wanda ya gaje ni ba mugu ba ne, ya ga ɗaki mai faɗi da ƙofa mai kyau, babu wanda ya gaya masa na wane ne. Cikin yara bakwai, biyu na tarar.

Don haka ku ƙara shafi a takardar miƙa aiki: sunayen yaran, abin da aka tanadar wa kowanne, malamin da ke kula da su, da wanda ke riƙe da makulli. Shugaban SBMC ya sa hannu, don shi ba a yi masa canjin wurin aiki. A kwamitin a sa uwa ko uban ɗaya daga cikin yaran. In za ku ɗauke hedimasta, kada ku ɗauke shi tare da malamin da ya iya maganar hannu a zango ɗaya, kuma ku fara duba mataimakin da ya halarci bitar kafin ku kawo baƙo. In kun tsara jadawalin, ka aiko mini ta ofishin mujalla in duba. In ƙafata ta bar ni, zan zo zama na biyu in ji abin da suka samo a unguwanni.